Me ke sa kwamfutar cinya nauyi bayan an ajiye ta?

Ɗalibi ya dawo hutu Gaya daga jami'ar Wudil, ya ajiye kwamfutarsa ta cinya har wata guda. Ranar da ya kunna ta, sai ta riƙa jan ƙafa. Yawanci ba lalacewa ta yi ba, ayyuka ne suka taru mata. Windows na neman sabuntawa, manhajar tsaro na binciken fayiloli, duk a lokaci guda, ga intanet ɗin waya da ba ta saurin jawo manyan kaya. A jona mata caja, a bar ta kamar awa ɗaya, domin batirin da ya yi ƙasa yakan sa ta rage gudu da kanta.

Sannan a danna Restart. Yawancinmu Shut down muke dannawa, alhali a Windows 10 da 11 wannan ba ya share ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya.

Ƙura ce ta fi damuna. Iskar hunturu takan cusa ta cikin fanka, injin ya ɗauki zafi, ya sassauta don kada ya ƙone. Saboda zafin nan, kada a ɗora kwamfuta kan katifa ko darduma. Idan fankar na gurnani, a kai wa mai gyara ya buɗe ya bushe ƙurar.