Warin esin mota da kuɗin da ake zubarwa a banza

Daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da damina ta kankama, akwai wani ƙorafi da ba ya yankewa a bakin masu motoci da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina, musamman ma'aikata da 'yan kasuwar Kankiya da Kusada waɗanda motar ce ofishinsu na biyu. Da zarar an kunna esi, sai wani wari mai nauyi ya bugi hanci, kamar an buɗe ɗakin da aka kulle da jiƙaƙƙiyar tabarma. Mai mota ya garzaya wurin mai gyara ya ce, "Malam, motata tana wari." Shi kuwa mai gyara, sau da yawa, amsarsa ɗaya ce: a ƙara gas.

A nan kuskuren yake farawa, kuma tun daga harshe yake farawa. Hausa ba ta da talaucin kalmomin wari. Muna da ɗoyi, muna da ƙauri, muna da ƙarni da zarni da hamami da bashi, kowanne da abin da yake nunawa. Matar da ke girki ba ta taɓa rikita ƙaurin tuwo da bashin nama, amma mijinta da ya kashe miliyoyi a kan mota sai ya tattara komai ya kira shi "wari". Alhali idan ƙauri ne, wayar lantarki ko bel ne ke ƙonewa, kuma tsayawa nan take ya wajaba. Idan ɗoyi ne, a nemi mushen ɓera a cikin bututun iska, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke kwana kusa da buhunan gero da dawa. Idan wani ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi tare da hazo a gilashin gaba, ruwan lagireto ne ke yoyo a ƙarƙashin dashbod. Wanda muke magana a kansa shi ne warin rima, wato na danshi da fumfuna.

Ga yadda abin yake. A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari wanda gas ke ratsawa ya sanyaya shi har kusa da ƙanƙara. Iskar da fanka ke turowa tana bi ta kansa, sai danshin da ke cikinta ya zama raɓa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi a kan tebur. Ruwan nan yana taruwa a wani ɗan tire, ya fita ta siririn tiyo zuwa ƙasa. Shi ne ɗigon da ake gani a ƙarƙashin motar da aka ajiye, wanda wasu ke ɗauka lalura ce, alhali alamar lafiya ce. To, a ƙasarmu hunturu ya riga ya cusa ƙura a wannan ƙarfe tun daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyoyin ƙauyukan Kusada da ba su ga kwalta ba su ƙara nasu. Damina na zuwa, ƙura ta sha ruwa ta zama taɓo, tiyon ya toshe, ruwa ya kwanta cikin duhu da ɗumi. Fumfuna ba ta neman masaukin da ya wuce wannan.

Mai karatu zai ga cewa gas ba shi da hannu a nan ko kaɗan. Gas ɗin yana zagayawa ne a rufaffen bututu. Ko tsohon R-12 ne da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yi sanadin daina shi, ko R-134a da ya maye gurbinsa a shekarun 1990, babu wanda ke kashe fumfuna. Wanda ya karɓi kuɗinka ya ƙara gas saboda warin rima ya ci kuɗin banza, kuma gas ɗin da ya wuce kima yana wahalar da kwamfaresa. Turaren da ake ratayawa a madubi, da humrar da wasu ke fesawa a bututun iska, rufa-rufa ce kawai. Yaron da ke fama da asma a kujerar baya yana shaƙar fumfunar tare da turaren.

Gyaran gaskiya ba shi da tsada. A fara da matatar iskar cikin mota, wadda a yawancin Corolla da Camry take bayan akwatin da ke gaban fasinja. Kamfanoni da dama suna cewa a sauya ta bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, sai dai wannan lissafin ƙasashen da ba su san hunturu ba ne. A ra'ayina, mai mota a Kankiya ya sauya tasa duk ƙarshen hunturu. Wasu tsofaffin motocin Kwatano ma babu matatar, ko an cire ba a mayar ba. Sannan a leƙa ƙarƙashin mota a buɗe tiyon da iska ko siririyar roba. Idan kafet ɗin ɓangaren fasinja a jiƙe yake, a ɗaga shi ya sha rana, domin shi ma matattarar wari ne. Idan warin ya nace, akwai kumfar wanke ƙarfen da ake turawa ta tiyon, ta narkar da dattin ta fito da shi.

Sai ɗabi'a ta kullum. Idan ka taso daga Kano ka wuce Tsanyawa, ka kusa shiga gari, ka kashe maɓallin esi ka bar fanka tana busawa minti biyar, kana mai buɗe wa iskar waje hanya, don ƙarfen ya bushe kafin ka kashe mota. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawa sun daina kunna esi don tsimin mai, sai su yi watanni ba su taɓa shi ba. Hakan yana busar da robobin bututu har gas ya fara zurarewa. A kunna shi minti goma a mako, a fili, kada a rufaffen gareji inda hayaƙin salansa ke kisa ba tare da an ji warinsa ba.