Cimaka Mai Tsabta Ba Sai Mai Kuɗi Ba

A manyan biranen Faransa da Amurka akwai kantuna na musamman inda ake sayar da abincin da aka noma ba da takin zamani ba, ba kuma da maganin ƙwari na kanti ba. Da Faransanci ana kiran irin wannan abinci "biyo". Yana da tsada ƙwarai, domin sai an biya ma'aikata sun duba gonar, sun ba da takardar shaida. Wannan suna ya iso Yamai da Maraɗi. Shi ya sa mutane da yawa suke cewa cimaka mai tsabta ta masu kuɗi ce. A gundumar Madarumfa, wannan magana ba ta da tushe. Mafi yawan abin da ake nema a waɗancan kantuna yana nan cikin gona da garke da bayan ɗaki.

Arzikin da ke ƙasar Madarumfa

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya. Allah ya ba ta tabki mai kifi, da fadamar Gulbin Maraɗi, da dajin Baban Rafi. A Jiratawa ana noman rani tun farkon shekarun 1980, kuma zogalen wurin ya yi suna har Yamai. A Gabi da Safo da Ɗan Isa da Sarkin Yamma ana noma hatsi da dawa da wake da gujiya. A daji da gonaki akwai kuka da tsamiya da aduwa da magarya da goriba. Ba a saba fesa wa waɗannan itatuwa magani ba.

Iyalin da suka ci tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawa, suka sha fura da nonon shanu, suka ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sun ci abin da mai kuɗin Turai yake nema da tsada. Abin da ya rage shi ne a san inda haɗari yake, a kuma daina yarda da waɗansu maganganu marasa kan gado. Ga guda biyar daga cikinsu.

Na ɗaya: "Abin kanti ya fi na gida"

Yara da yawa sun fi son biskit da lemon kwalba da taliyar leda. Waɗannan suna cika ciki, suna cinye kuɗi, amma abin gina jiki kaɗan ne a cikinsu. Wake da gujiya da nono da kifi da ƙwai su ne masu gina jikin yaro. Ganyen zogale da rama da lalo da yakuwa suna ƙara jini, suna taimaka wa ido. Kuɗin kwalbar lemo ɗaya ya isa a sayi ganyen da gida duka zai ci.

A shekara ta 2012 masana na jami'ar Sitanfod a Amurka sun tattara bincike fiye da 200 a kan abincin "biyo". Sun gano cewa bai fi sauran abinci bitamin sosai ba. Inda ya fi su shi ne ƙarancin ragowar maganin ƙwari. Ashe ke nan takardar shaida ba ita ke ƙosar da yaro ba. Abin da ke ƙosar da shi shi ne cin abinci iri-iri, mai tsabta, marar guba.

Na biyu: "Idan ba a sa magani ba, wake ba ya kai rani"

Nan ne babban haɗari yake. Waɗansu suna zuba piya-piya ko wani ruwan magani cikin buhun wake don kashe ƙwaro. Wannan guba ce. Ba a yi ta don a haɗa da abinci ba. A shekara ta 2015 ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Waken da aka ƙi a can, irinsa ne wani yake dafa wa ƴaƴansa a nan.

Akwai hanya mai sauƙi. Tun shekara ta 2007 aka fara yaɗa buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, kuma masu binciken noma na INRAN a Maraɗi sun yi aiki sosai wajen gwada shi. Leda biyu masu kauri ne a ciki, da buhu ɗaya a waje. A shanya wake ya bushe sarai. A zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Idan ɓera bai huda shi ba, buhu ɗaya yana yin shekara biyu ko uku. Wanda wakensa kaɗan ne, jarka mai tsabta mai murfin kirki ta ishe shi, in dai ya cika ta har baki. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar magani ko fetur.

Na uku: "Duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa"

Wannan ma kuskure ne. Gujiya ko masarar da aka ajiye da danshi tana yin fumfuna. Cikin wannan fumfuna akwai guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya, a shekara ta 2004, mutum 125 sun rasu saboda cin irin wannan masara. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, a tsince ta a zubar. Kada a ba kaji ko awaki, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Ɗanyen kashin dabbobi ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Idan aka zuba shi a kan salati ko shu ko karoti, cutar tana iya kaiwa ga mai ci. Sai taki ya ruɓe sosai kafin a kai shi garka. Kayan lambun da ake ci ɗanye kuwa, a wanke su da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku.

Haka nan fara. Mutanen jahar Maraɗi suna son soyayyar fara, kuma tana gina jiki. Amma farar da aka tsinta a mace, ko aka kama inda aka yi feshi, ba ta ciwuwa.

Na huɗu: "Takin zamani guba ne"

Takin zamani ba maganin ƙwari ba ne. Abincin shuka ne. Laifinsa biyu: yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya gyara jigawar da ta gaji. Masu bincike na ICRISAT a Sadore sun nuna cewa ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalba a kowane ramin shuka, yana ƙara amfanin hatsi. Yana ƙara aiki idan ya tarar da takin gargajiya a ƙasa.

Takin gargajiya kuwa bai buƙatar kuɗi. A gina rami a inuwa. A jera kara da ciyawa da kashin dabbobi da toka, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa. A riƙa juyawa bayan kowane mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙi, ya daina wari. Mai kwasar juji daga gari ya tsince leda da kwalba da tsohon batir, domin batir yana sa guba cikin ƙasa.

A nan makiyayi abokin manomi ne. Tun kaka da kakanni, bayan an saki gonaki, garke yana kwana a gona, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba da damen hatsi. Kowa ya ci riba. Gawo ma taki ne a tsaye: yana kaɗe ganye da damina, bai hana shuka rana, kuma hatsin gindinsa ya fi na fili. A shekara ta 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan barin tohon itatuwa lokacin sassabe. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5.

Na biyar: "Ƙwari ba su jin komai sai maganin kanti"

Ƴaƴan dogon yaro magani ne. A daka rabin kilo na busassun ƴaƴa, a jiƙa cikin ruwa lita 10, a bari ya kwana. A tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece. Ba ya kashe ƙwari nan take, amma yana hana su ci da hayayyafa. Sai an maimaita kowane mako. Game da murzuna mai cin zangarniyar hatsi, INRAN tana kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kashe tsutsar, ana kai shi ƙauyuka cikin ƙananan buhuna.

Idan ƙwari sun yi yawa har tilas sai an sayi magani, manomi ya fara zuwa wurin malamin gona. Kada ya sayi maganin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu. Ya rufe hanci da baki da jiki. Kada yaro ya yi feshi. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfani, kuma an rubuta su a jikin kwalba. Wanda ya fesa wa tumatir ko zogale yau ya kai kasuwa gobe, ya ɗauki alhakin mutane.

Yadda za a rage kashe kuɗi

Da kaka da lokacin sanyi kaya suna araha. Lokacin ne uwargida take shanya kuɓewa da yakuwa da kauɗar tumatir. Ganyen zogale da na kuka a inuwa ake shanya su, don kada rana ta rage amfaninsu. Maigida ya ware waken ci kafin ya kai saura kasuwa, domin wanda ya sayar duka da kaka zai saye shi da tsada da bazara. Kowane gida ya dasa zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, ruwan alwala da na wanke hatsi ya ishe su. Daddawar kalwa ko ta batso tana rage sayen dunƙule.

Manoma da makiyayan Madarumfa ba su buƙatar takarda daga Turai kafin su ci mai kyau. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi, a kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci da taron ƙungiyar manoma kafin girbin wake.