Ko Kun Sani? Daɗewar Kaifin Wuƙa Daga Wuta Take

Ko kun san wuƙaƙe biyu za su iya fitowa daga ƙarfe iri ɗaya, ɗaya ta daɗe tana yanka, ɗaya kuma ta dakushe tun ba a je ko'ina ba? Bambancin yana wurin gashi. Kamfanin Buck na Amurka ya daɗe yana ƙera yawancin wuƙaƙensa da 420HC, ƙarfe mai araha wanda kabon ɗinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ya yi suna wajen riƙe kaifi albarkacin tsarin gashin da Paul Bos ya kafa. Ana zafafa ƙarfen ya haura digiri 1,000, a sanyaya shi da sauri, a daskarar da shi, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don a rage masa gautsi, har taurinsa ya tsaya wajen 58 a ma'aunin Rockwell.

Wani zai ce ai ƙarfe mai tsada irin S30V ya fi daɗewa da kaifi. Gaskiya ne, domin sinadarin banadiyam da ke cikinsa yana hana shi saurin cinyewa. Sai dai idan aka kuskure gashin, kuɗin ya tafi a banza: in wuta ta gaza, bakin ya lanƙwashe; in tauri ya yi yawa, ya ɓantare da zarar ya daki ƙashi. Ga shi kuma wasa S30V sai an sha wuya. Don haka kafin ku biya kuɗi saboda sunan ƙarfe, ku binciki taurinsa da wanda ya gasa shi.