Ƙari a Ƙwaƙwalwa Bayan Warkewa Daga Sankarar Jini

Sankarar jini ita ce kansar da ta fi kama yara a Saudiyya. A Jidda ana jinyarta a Cibiyar Gimbiya Nura ta masu ciwon daji, da asibitin ƙwararru na Sarki Faisal, da asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Inda kayan aiki suka wadata, kusan yara 9 cikin 10 masu nau'in da ya fi yawa suna warkewa. Sai dai kaɗan daga cikinsu ƙari yakan fito musu a ka bayan shekaru, ciwo ne sabo, ba tsohon ne ya dawo ba.

Yawanci silarsa gasa kai da haske ne. Ƙwayoyin sankarar sukan laɓe a ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin jijiya ba ya isa sosai. A shekarun 1960 likitocin asibitin St. Jude da ke Amurka, ƙarƙashin Donald Pinkel, suka fara gasa kan yaro da haske mai ƙarfi don kashe su. Dabarar ta ceci ɗimbin rayuka, amma hasken yana raunata lafiyayyun ƙwayoyi, musamman a yaron da bai kai shekara 6 ba.

Ƙarin iri biyu ne. Gilayoma tana tsirowa cikin ƙwaƙwalwar kanta, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 10 bayan gashi, kuma mai tsananin cikinta tana da wuyar magani. Meninjiyoma kuwa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa take fitowa, tana girma a hankali, takan kai shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana, lokacin da yaron ya zama magidanci. Sau da yawa tiyata tana cire ta.

Saboda haka aka yi ta rage ƙarfin gashin, daga awo 24 zuwa 18, zuwa 12. A 2009 St. Jude ta nuna cewa allurar magani ta ƙashin baya tana iya maye gurbinsa.

Waɗanda aka riga aka gasa musu kai su ne abin damuwa. Ciwon kai da amai da sassafe, farfaɗiyar da ta fara da girma, gani dishi-dishi, ko mutuwar ɓarin jiki, duk suna buƙatar hoton MRI ba tare da jinkiri ba. Ga iyalan Hausawa mazauna Jidda da kan koma Kano ko Maraɗi, takardar da ta nuna ko an yi gashi, da yawansa, da shekarun yaron a lokacin, ita ce abin da likitan gida zai fara nema.