Kafin A Ɗora wa Inji Turbo

Duk direban da ke ɗauko gero da wake da aya daga kasuwannin Agye da Gazawa zuwa Maraɗi, ko mai ratsa rairayin ƙauyukan Cadakori da Gidan Rumji, ya san inda mota ke nishi idan lodi ya yi nauyi. Daga nan ne shawara ke zuwa a garaji: a ɗora mata turbo. Shawarar tana da tushe, amma zaɓen turbo ba na rububi ba ne.

Aikin turbo irin na zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya ta biyun da suke kan sanda guda, wadda ke danna wa injin iska. Iska ta ƙaru, gazuwal ya ƙone da kyau, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista a 1905. A ƙananan motoci farfelar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya.

Abu na farko da za a duba shi ne injin kansa. Ɗauki Land Cruiser mai inji 1HZ, wanda ya cika hanyoyin Nijar: lita 4.2, silinda shida, ba turbo, ƙarfinsa kusan doki 130. Ɗan'uwansa 1HD-T girmansu ɗaya, amma yana ba da kusan doki 165. Ba turbo kaɗai ya raba su ba. Toyota ta canza fistin da kan silinda da yadda ake fesa gazuwal, ta kuma rage matsin cikin silinda daga wajen 22 zuwa ƙasa da 19. Wanda ya ɗaura turbo a kan 1HZ ya buɗe famfon mai son ransa, zafi zai yi yawa, fistin ya tsage ko kan silinda ya fashe. Irin wannan inji matsin iska kaɗan yake ɗauka, wajen rabin bar a ma'aunin matsi, kuma sai an sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. Injin da ya riga ya gaji, yana shan baƙin mai, gyara yake buƙata tukuna.

Na biyu, girma. Da yawa suna ɗauka babban turbo shi ne ƙarfi. Babba ba ya tashi sai inji ya yi gudu sosai. Ka taka totur a cikin rairayi, sai ka jira, kafin ƙarfin ya iso taya ta nutse. Ƙarami yana tashi da wuri, amma idan ya yi ƙanƙanta yana shaƙe inji a doguwar tafiya. Motar lodi da ƙauye tana son mai tashi tun inji na ƙasa-ƙasa. Mafi sauƙi a nemi wanda aka ƙera wa inji mai irin wannan girma, kamar CT26 na Toyota, ko na kamfanonin Garrett da IHI da Mitsubishi, a karanta lambar da ke jikinsa.

Idan na hannu ne, daga Maraɗi aka saya ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, a sa yatsa a taɓa sandar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi. Idan tana shiga tana fita, ko farfela na gogar bango, ko bakin fukafukanta ya cinye, ko akwai mai a bututun iska, a ajiye shi.

Na uku, ƙasarmu ta ƙura ce da zafi. Ƙurar hunturu da ta wuce ta filtar iska mai huda tana cin farfela cikin watanni. Iskar da aka matsa tana zafi, don haka ana son na'urar sanyaya ta a gaban lagireto, shi ma lagireton ya zama lafiyayye. Baƙin mai shi ne ran turbo: a yi juye a kan lokaci, kuma bayan doguwar tafiya a bar inji yana aiki minti biyu kafin a kashe.

Mai mota ya haɗa lissafin duka: turbo, bututai, saitin famfo, filta, da kuɗin makaniki wanda ya taɓa yin aikin. Idan jimlar ta kusa kuɗin injin da ya fito da turbo daga kamfani, sayen injin ya fi dacewa.