Hoton takardar gona: ɗigo nawa ya kamata?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau salula ta shiga ƙauyukanmu. Da ita muke ɗaukar hoton takardun haihuwa, da katin allurar bisashe, da takardar shaidar gona. Da ita muke aika su birni. Amma sau da yawa, in aka buga hoton a takarda, sai ya fito dishi-dishi. Suna ba ya karantuwa, hatimi ya zama baƙin tabo. Ma'aikaci ya ce a koma a sake. Kuɗin mota ya tafi, yinin aiki ya tafi. Mine ne dalili?

Hoto ɗigo-ɗigo ne

Ku ɗauki jarida mai hoto, ku kawo ta dab da ido. Za ku ga hoton ɗigo ne ƙanana, jere da juna. Hoton salula ma haka yake. Kamar hular ɗinkin hannu ce. In ɗinkin ƙanana ne kuma a matse, zanen yana fitowa sarai. In manya ne kuma a warwatse, zanen ba ya kyau.

Ana ƙidaya ɗigon nan a kan inci. Inci guda santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗori, kamar tsawon gaɓar babban yatsa. A shagon da ake buga takardu akwai na'urar da ake kira sikana. Ita ke ɗaukar hoton takarda ta sa shi cikin kwamfuta. Mai shago shi ke zaɓar yawan ɗigo: 100, ko 150, ko 300, ko 600. A wurin zaɓin ana rubuta dpi, ko ppp da Faransanci. Ma'anarsa ita ce yawan ɗigo a inci guda.

Kafin a zaɓa, tambaya guda ce: ina hoton za shi?

In a salula za a duba

Gilashin salula ƙarami ne. Yawancinsu ɗigo 720 ko 1080 gare su a faɗi. In kana so ɗanka da ke Yamai ya ga takarda kawai, ɗigo 150 sun isa. Hoton ba ya nauyi, yana tafiya da sauri, ba ya cin kuɗin intanet.

In a takarda za a buga

Nan sai ɗigo 300. Takardar ofis, wadda ake kira A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. In aka ɗauke ta da ɗigo 300, za a samu ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Duka-duka sun kusa miliyan 9. Da su ne ƙananan baƙaƙe da sa hannu da hatimi suke fitowa.

In za a ƙara girman hoto

Wataƙila kana da ɗan ƙaramin hoton mahaifinka, irin na katin ɗan ƙasa. Kana so a ninka faɗinsa da tsawonsa. To, a ɗauke shi da ɗigo 600. In an ninka shi, ya dawo 300, ya fito da kyau.

Kada ku ce a sa 600 a kan komi. In an ninka lambar, ɗigon yana ƙaruwa sau huɗu, domin faɗi ya ninka, tsawo ma ya ninka. Hoton ya yi nauyi, ya cika salula, ya ƙi tafiya inda layi ba shi da ƙarfi.

Abin da ya ɓace ba ya dawowa

Tiya guda ta iri tana isar ƴar ƙaramar gona. In ka watsa ta a babbar gona, shuka za ta fito jefi-jefi. Haka hoto mai ɗigo kaɗan yake. In aka buɗa shi ya cika takarda, ɗigon ne ke kumbura. Harafin da ba a ɗauka ba tun farko, mai shago ba ya iya maido shi.

Ga inda mutane da yawa suke faɗawa. WhatsApp yana rage hoto kafin ya aika shi, don ya yi sauri. A gilashin salula ba a ganin bambanci. Sai an buga a takarda ake gani. In takarda ce mai muhimmanci, ku taɓa wurin da aka rubuta Document, ku aika ta nan. Ta wannan hanya hoton yana isa yadda yake.

Takardar gona ba abin wasa ba ce

Tun shekarar 1993 ƙasarmu take da dokar tsarin karkara. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo. Takardar shaida da ake bayarwa ita ke kare gona ranar gardama. Amma gara na cin takarda, ruwa na jiƙa ta, gobara na ƙone ta. Saboda haka yana da kyau a yi mata hoto. Sai dai hoton da ba ya nuna iyakar gona da sunayen shaidu ba shi da amfani. Ku sani kuma, hoto ba ya maye gurbin ta asali. Ita sai a adana ta cikin leda, cikin akwatin ƙarfe.

In babu sikana kusa

Salula ma tana iyawa. Ku goge gilashin ɗaukar hoto da ƙyalle mai tsabta. Ku shimfiɗa takarda bisa tabarma, cikin inuwa mai haske. Ku matso har ta cika gilashi. In ta tsaya a rabin faɗi da rabin tsawo, kashi uku cikin huɗu na ɗigon sun tafi a hoton tabarma. Ku riƙe hannu kada ya motsa. Bayan haka ku buɗa hoton da yatsu biyu. In kun karanta mafi ƙanƙantar rubutu, aiki ya yi.

Ku riƙe lambobi uku: 150 don dubawa, 300 don bugawa, 600 don ƙara girma. A shago, ku tambayi mai na'ura nawa ya sa, ku duba takarda kafin ku biya. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya karanta wannan kuma, ya karanta wa maƙwabcinsa.