Zaƙi ko tsami: wane icce ya dace da garkar Cirozerin?

Bayan farin 1973 da na 1984, makiyaya da yawa na ƙasar Abzin sun rasa bisashensu. Waɗansu sun zauna bakin ƙorama, sun gina rijiya, sun kafa garka. Albasa da tumatur da alkama, cikin wata kaɗan ake samun amfaninsu. Icce kuwa sai an yi shekaru ana ba shi ruwa kafin ya yi ɗiya. Wanda ya dasa iccen da bai dace da wurinsa ba, ya yi hasarar ruwa da wahalar shekara huɗu ko biyar.

Kowane icce da ƙasarsa

A ƙasashen sanyi kamar Turkiya da Faransa akwai wani icce da ake kira seriz. Ɗiyansa jajaye ne, sun ɗan fi magarya girma. Iri biyu ne: mai zaƙi ana cin shi ɗanye, mai tsami ana dafa shi da sukari. Yawancin irinsa ba su yin fure sai sun sha sanyi mai tsanani, kamar awa 700 ko fiye cikin shekara. Ɗarin Cirozerin na dare ne, da rana ta ɗaga sai ya wuce. Saboda haka ko an kawo seriz daga waje, mai garka ba zai ci ɗiyansa ba.

Abzin yana da nasa mai zaƙi da mai tsami, wato lemu. Garin Timia, cikin duwatsu, ya yi suna da lemun zaƙi da rumman. Sanyin daren Disamba da Janairu shi ne ke sa bawon lemu ya yi launi mai kyau.

Lemun zaƙi

Kada a shuka shi daga ƙwaya. Wanda ya fito daga ƙwaya yana da ƙaya da yawa, kuma yakan kai shekara 7 ko fiye bai yi ɗiya ba. A nemi mai aure, wato reshen mai zaƙi da aka haɗa bisa gindin lemu mai jure ciwo. Shi wannan yana fara ɗiya cikin shekara 3 ko 4. Ana tsinke shi lokacin ɗari, sau ɗaya a shekara. Ba ya son ruwa mai gishiri ko kanwa, ba ya jure ƙishirwa lokacin fure.

Lemun tsami

Ana iya shuka shi daga ƙwaya, ya fito kamar uwarsa. Yana ɗiya fiye da sau ɗaya a shekara, kuɗinsa yana shigowa kaɗan kaɗan. Amma ya fi lemun zaƙi jin ɗari. A dasa shi inda darni ko dabino ke kare shi daga iskar arewa.

Inda ruwa bai da yawa

In rijiya tana ja baya da bazara, ko ruwanta yana da gishiri, rumman da dabino sun fi dacewa. Rumman reshensa ake yankewa a dasa, daga iccen da aka ɗanɗana ɗiyansa, don shi ma akwai mai zaƙi akwai mai tsami. Dabino kuma a cire ɗan da ya fito a gindin mace mai kyau. Ƙwayar dabino kusan rabinta maza take badawa, namiji kuwa ba ya ɗiya.

Yadda ake dasa lemu

A gina rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1. A cika shi da ƙasa haɗe da takin bisashe wanda ya ruɓe. A bar mita 6 zuwa 7 tsakanin icce da icce. Wurin auren ya tsaya sama da ƙasa, kada a binne shi. Kada ruwa ya kwanta jikin gindi, don yana kawo ciwon da ke sa icce zubar da ƙaro har ya mutu. A nisanci bakin ƙorama inda ruwa ke cin ƙasa da damana. A yi shinge saboda awaki da raƙuma.

A tuna da kasuwa

Ma'aikatan SONICHAR a Cirozerin da na ma'adinin uraniyom a Arlit da Akokan sun daɗe suna sayen kayan garka. Amma kamfanin COMINAK ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, masu saye sun ragu. Dole mai garka ya yi tunanin Agadas da Tawa da Yamai. Inabi da ɓaure ba su jure doguwar tafiya cikin kamiyo. Lemu yana yin kwanaki, rumman ya fi shi daɗewa, dabino busasshe yana yin watanni.

Mai garka mai dabara ba ya dasa iri ɗaya. Ya duba ruwan rijiyarsa da bazara, ya shawarci malamin gona, sannan ya haɗa mai zaƙi da mai tsami da mai jure ƙishirwa. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya ciyar da gida.